Rijiyar Komowa

Kwana uku muna zaman makokin Kaka a ƙofar gidan hayar da muke ciki a Wurno, kuma kusan duk wanda ya zo, in an shafa fatiha, sai ya ƙara da cewa an yi rashin tarihi. Limamin unguwa ya ce bango ne ya faɗi. Wani dattijo da muka baro ƙauye tare da shi ya ce bai taɓa ganin wanda ya san kowace kuka da kowace tsamiya kamar marigayin ba, har wanda ya fara ɗaure jaki a gindinta da wanda ya faɗo daga kanta ya karye. Baffana, ƙanen mahaifina, yana ta karɓar gaisuwa yana roƙon a yafe wa tsoho, mutane suna cewa ai babu abin yafewa, sai dai yawan tafiyar ƙasa da ya sa su.

A rana ta biyu wani tsohon Bafulatani ya iso da ƙafa daga wajen Rabah, da sandarsa a kafaɗa. Da ya yi sallama sai wurin ya yi tsit, don zamanin da muke ciki ya sa mutane kallon juna da wutsiyar ido. Baffa ne ya tashi ya matsa masa a tabarma. Tsohon ya zauna. Can ya ce shekara da shekaru yana kawo shanu bakin rijiyar garinmu da rani, Kaka bai taɓa bari a ce masa ya jira ba. Da kansa yake karɓar guga ya ja masa, yana cewa mutum na iya haƙuri da ƙishirwa don ya san dalili, dabba ba ta sani ba. Ya share ido da gefen rawani, ya ƙi cin abinci, ya kama hanya.

Ni kuwa, jikansa na fari, an fi ba ni haƙuri fiye da kowa, saboda an ga yadda na yi ranar rasuwar. Na shiga gida, na tsaya a tsakar gida, na fashe da kukan da rabona da irinsa tun ina yaro. Mata suka ce Allah sarki, shaƙuwa ce. Shaƙuwar tana nan, ba na musu. Amma abin da ya karya ni a lokacin, wanda ban iya faɗa wa kowa ba, shi ne turmin Inna, mahaifiyata, da na gani an jingine a bango, alhali ranar Asabar a tsakiyar gida na bar shi. In ban ba da labarin turmin nan ba, ban ba da labarin Kaka ba.

Garinmu yana gabas da Goronyo, in ka wuce Shinaka ka miƙi daji. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma nan gaba za a ga dalili. Ƙaramin gari ne da bai shiga littafin kowa ba. A makaranta an koya mana tarihin Wurno da hubbarenta, mun haddace har muna cin jarrabawa da shi, amma tarihin namu garin yana cikin kan mutum ɗaya, mutumin kuma yana da taurin kai. Kaka ba ya ba da labari a zaune. Ka same shi a zaure ka tambaye shi wa ya kafa garin nan, sai ya laluɓo takalminsa da sanda ya ce, “Tashi mu tahi. Labarin wuri, can wurin aka ba da shi.” Ko rana ta take, ko ka ɗauko gajiya daga gona, babu ruwansa. Shi ya sa da yawa suka daina tambaya, shi kuma ya ce dama ba su so sani ba, hira suke so.

Ni na sha wannan tafiya ina ƙarami, don tsakanin jika da kaka babu kunya. Yana ce mini ɓarawon mata, ina ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Wata rana ya kai ni wani fako mai jan dutse ya tsayar da ni, ya ce a nan aka ga ƙudan zuma. Abin da kowa ya sani a gari shi ne wani maharbi ne ya gano ruwa ya kafa bukka. Kaka ya ce ƙarya maza suke yi. Maharbin yana kwance a inuwa ƙishirwa ta kusa kashe shi, matarsa ce ta tafi neman itace, ta ga ƙudan zuma suna shiga wata tsagar dutse suna fitowa a tsakiyar bazara, ta san zuma ba ta zarya inda babu laima. Ita ta fara tono da bakin gatari. Da ruwa ya fito sai mijin ya farka ya zama mai gari. Kaka ya yi dariya har da tari, ya ce haka duniya take tun farko, mace ta tona, namiji ya sha suna.

Na tambaye shi ina rijiyar take yanzu. Dariyar ta ɗauke. Ya ce wannan ba tafiyar yau ba ce.

Sai da na girma na san sauran. Sau biyu garinmu yana tashi. Na farko a zamanin yaƙe-yaƙe, tun kafin zuwan Turawa, na biyu a wata babbar yunwa da ta kori mutane har ƙetaren gulbi. A duka biyun, kafin a fita, mutanen gidanmu sukan rufe rijiyar farko. Su jera itacen ƙirya a bakinta, don gara ba ta cinsa, su shimfiɗa asabari, su bi da ƙasa su daddale, har ciyawa ta tsiro a kai. Dalili shi ne, duk wanda ya ci gari da yaƙi, rijiya yake fara ɓatawa don kada masu shi su dawo. A duka biyun kuma an dawo, an tarar da sauran rijiyoyi sun mutu, mutum ɗaya ya taka ya nuna wuri, aka tone, aka sha, gari ya tashi daga kufai. Bayan dawowa ta biyu, da aka haƙa sababbin rijiyoyi, dattawa suka ce a mayar da ita a rufe, a ajiye ta don wata rana. Ana ce mata rijiyar komowa. Yawancin 'yan garin sun ɗauka tatsuniya ce, kuma Kaka ya fi son su ɗauka haka.

Ƙa'idar ita ce mutum ɗaya ke saninta a kowane zamani, sai ya ga ƙarfinsa ya fara raguwa ya nuna wa na bayansa. Ba a faɗa da baki, da ƙafa ake nunawa. Babba ya wuce gaba, ƙarami ya bi sawunsa daga alama zuwa alama yana ƙirga taku, in an isa sai a ce ya cire takalmi ya buga diddige. Kaka ya ce ƙasar wurin tana amsawa, kamar ka ƙwanƙwasa ƙwarya a kife. Ba a nuna wa mace, wai don 'ya tana aure ta tafi da shi wani gari, matar gida kuma dama daga wani garin ta zo. Na taɓa tsokanarsa na ce to ai mace ce ta tona ta. Ya ce shi ma ya faɗa wa nasa kakan haka, ya sha ranƙwashi.

Mahaifina aka nuna wa. Allah Ya ɗauke shi da ciwon kwana biyu tun ina makarantar horon malamai, abin ya dawo kan Kaka shi kaɗai. Baffa yana nan, amma Baffa ɗan kasuwar albasa ne, mutumin kirki mai sakin hannu da sakin baki, abin da ya ji da safe kafin azahar ya kai Goronyo. Saura ni. Rani uku a jere Kaka yana aiko mini a Achida, inda nake koyarwa a firamare, cewa in zo akwai tafiya. Na farko na ce muna jarrabawa, sai hutu. Na biyu na ce hidimar aurena ta taso, sai hutu. Na uku ban ma da wani dalili, babur ne ya lalace na ji ƙyuyar shiga mota. Daga nan ya raɗa mini suna Malam Sai-Hutu, har yaran gida suka ɗauka. Ina dariya ina amsawa, don a ganina rijiyar da ta yi shekaru a rufe ba za ta gudu ba, tsohon ma ba inda za shi.

Garin ne ya gudu. Ba zan tsawaita a kan wannan ba, duk wanda ke gabashin Sakkwato ya san yadda ake tashi. An fara da daina zuwa gonakin nesa, aka koma daina zuwa na kusa, aka koma kwana da takalmi a ƙafa. Wata rana da hantsi aka ɗaure abin da ya ɗauru, aka fito. Baffa ya ce sai da aka ɗaga Kaka cak aka ɗora shi a amalanke, yana ta waiwaye yana cewa a ba shi rabin yini kawai, a kira masa yaron nan na Achida. Ni ina aji a lokacin, ina koya wa yara sunayen jihohi da manyan biranensu.

Gidan da muka samu a Wurno ɗaki uku ne da 'yar tsakar gida, a gangaren tudu. Kaka ya sa masa suna akurki. Mutumin da ya saba ya fita bayan asuba sai azahar a gan shi, ga shi yanzu taku kaɗan ya ci karo da bango. Da farko yakan fita ya hau tudu ya tsaya yana kallon gabas, fadama shimfiɗe a ƙasa, masu albasa da tafarnuwa suna ta ban ruwa. In an ce masa Wurno ma ai gari ne mai tarihi, sai ya ce ƙwarai, amma tarihin masu shi ne, shi a nan ko sunan karen maƙwabci bai sani ba. Mutanenmu da ke warwatse a gari sukan zo su ce ya ba su labarin gida ko sa ji sanyi. Sai ya laluɓi sanda kamar zai tashi, ya tuna, ya mayar da ita. Ya daina ba da labari gaba ɗaya, kuma wannan ya fi rashin cin abincinsa tayar mini da hankali.

Ana nan sai wani da ya saci jiki ya leƙa garin ya dawo da labari. An cire kan famfon tuƙa-tuƙa, rijiyoyin garin guda biyu kuma an zuba musu mushe da tarkace, ko kusa da su ba a iya zuwa don wari. Dattawa suka ce ko hanya ta buɗe gobe, me za a sha? A ranar ne Baffa ya zo da wayarsa ya durƙusa gaban Kaka, ya ce don Allah ya faɗi wurin a ɗauka a ajiye, rai ba a hannun kowa yake ba. Gardama ta yi zafi har Baffa ya ce al'adar da za ta sa gari ya mutu da ƙishirwa ba al'ada ba ce, son kai ne. Kaka ya dube shi ya ce, “Wayag ga taka, in anka tare ka bisa hanya, mi aka hwara amsa hannunka?” Ya ƙara da cewa, “To ita ba ta da ciki. Wanda duk yal latsa ta, shi taka gaya ma.” Baffa ya tashi ya fita, ya yi sati biyu yana aiko da cefane ba ya shigowa. Ni dai na kasa cewa ga mai gaskiya, don na san laifin ba na ɗayansu ba ne, nawa ne.

Shi ya sa da Kaka ya ce in ɗauke shi a babur mu gwada, ban yi musu ba. Ban gaya wa Inna ba. Muka bi ta Goronyo, yana riƙe da ƙuguna, mara nauyi kamar na goya yaro. A Shinaka, inda hanyarmu ke rabuwa, wasu mutane da ke zaune a gindin bishiya suka tsayar da mu. Da suka ji inda za mu, babbansu ya ce mu yi haƙuri, ko su 'yan garin ba sa wuce gonakin bakin hanya. Kaka ya sauka ya tsaya yana kallon turbar, ga ta nan a miƙe, ciyawa ta fara cinye ta.

“Ni dai tsoho na,” in ji shi. “Mi za su yi da ni?”

“Ba kai za su ɗauka ba, Baba. Wanga da yak kawo ka za su ɗauka.”

Ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya miƙo hannu na taimaka masa ya hau. Har muka iso Wurno ina jin goshinsa a bayana.

Asabar ɗin da ta biyo baya na zo na tarar da gida a hargitse. Kaka ya sa an jawo turmin Inna daga inuwar bango an kafa shi a tsakiyar gida. Randar ruwa an kai ta kusa da ƙofa. Wata tsohuwar tayar babur tana kwance a gefe, ga fasasshiyar tukunya a kife can wajen akurkin kaji. Yana tsaye a tsakani da sandarsa, idonsa ya dawo irin na da. Ya ce, “Malam Sai-Hutu, ka zaka? Ƙahwa dai anka ce, ba a ce wace ƙasa ba.” Ya zana garinmu ne a tsakar gidan haya. Turmi shi ne tsamiyar da ake farawa daga gindinta, sauran kowanne da alamar da yake wakilta, taku ɗaya a nan kuma yana da adadin da yake nufi a can. Kada mai karatu ya gyara zama, iyakar abin da zan faɗa ke nan, kuma tsamiya ba ɗaya ba ce a garinmu.

Ya kafa doka cewa ko da kuskure kada a motsa komai. Wadda dokar ta faɗa wa ita ce Inna, mahaifiyata. Ita 'yar garin Sisawa ce, aure ya kai ta garinmu, da mahaifina ya rasu danginta suka zo ɗaukarta ta ce ba ta barin tsoho ba mai dama masa fura. Ga surukuta, ba ta taɓa kallon idonsa ba, balle ta mayar masa da magana. Ni ma, da yake ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, magana ma sai ta kama. Saboda haka in abu ya ci mata rai, kaji take gaya wa. Yanzu ga ta tana daka a tsakiyar rana, ga akuyar maƙwabta tana leƙowa tana sa baki a randa, ga tayar da take tuntuɓe da ita in ta ɗauko tuwo. Ina zaune na ji ta watsa tsaba tana cewa, “Ku dai kaji kun huta, ba wanda yas sa ku daka cikin rana.” Kaka daga bakin ƙofarsa ya ce kaji su gaya wa mai dakan, tsamiya ba ta tashi daga inda Allah Ya dasa ta. Taɓarya ta ƙara ƙarfi. Haka suka yi ta yi, faɗa sosai, ba wanda ya taɓa yi wa wani magana.

In za mu fara sai ya ce mata su shiga ɗaki. Matar Baffa takan shige, Inna kuwa aikinta a waje yake, kuma a gida irin wannan ina za ta? Sai ta juya mana baya ta ci gaba da abin da take yi, shi kuma ya yi kamar bai gan ta ba. Asabar ta farko a gindin turmi muka ƙare, yana ba ni labarin tsamiyar. Ta biyu muka taka zuwa randa. Ta uku zuwa taya, ta huɗu zuwa tukunya. Kowane zango sai ya sa na yi shi gaba da baya har ƙafata ta riƙe, ya tambaye ni rana tana wane kafaɗa, ya ba ni labarin alamar tun daga tushe, numfashinsa ya ƙare, a kai shi ya kwanta. Ƙarfinsa na safe ne kawai, safiyar sauran kwanaki kuma ina makaranta.

A Asabar ta huɗu, muna tsaye a kan tukunya, saura zango ɗaya, na ga yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka tsoro ya kama ni. Na ce Kaka, saura kaɗan, ka faɗa mini kawai in ji. Ya jingina da sanda ya yi murmushi ya ce, “Shekara ukku kana sa ni jira. Kai ba ka iya jiran kwana bakwai?” Na so in ce zan nemi izini in zo ranar Litinin. Ban ce ba. Muna da masu duba makarantu a satin, na ce a raina Asabar ai kamar gobe ce.

Ranar Laraba da hantsi aka kira ni. Kafin in iso, matan unguwa, Allah Ya saka musu da alheri, sun yi abin da ake yi a kowane gidan rasuwa. Sun kwashe komai sun jera a bango, sun share tsakar gida tas, sun yayyafa ruwa, sun shimfiɗa tabarmi don masu zuwa gaisuwa. Har gurbin turmin tsintsiya ta shafe. Garinmu ya sake tashi, wannan karon ma ina aji. Muka kai Kaka maƙabartar Wurno, cikin mutanen da bai san sunan kowa ba, na dawo na zauna ana ba ni haƙuri ina amsawa. A raina ina ta taka zango ukun nan, ina isa tukunya in tsaya, gabana babu komai. Baffa ya matso ya tambaye ni a hankali ko an gama. Na girgiza kai. Bai ce ai na faɗa ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bayan addu'ar bakwai baƙi suka watse, aka naɗe tabarmi. Da safe ina zaune a bakin ɗakin Kaka sai na ga Inna ta kama turmi tana mirgino shi. Ta kai shi tsakiyar gida, ta ɗan ja da baya, ta gyara shi da ƙafa. Ta ɗauko randa, ta jawo taya, ta kife tukunya. Ba ta yi shakkar ko ɗaya ba, wanda ya yi wata guda yana tuntuɓe da abu ya san inda yake. Sannan ta ɗebo tsaba ta watsa, ta juya mini baya, ta fara ba kaji labari.

Ta ce su ne shaida, kullum da safe in yaron nan yana makaranta tsoho yakan fito ya yi tafiyar shi kaɗai, tana jin ƙarar sandarsa. Ta ce ranar Talata ya isa tukunya ya tsaya ya daɗe, har ta ɗauka faɗuwa zai yi. Sai ta ji ya kira kaji, ya ce, “Ku matso ku saurara, don ba ni maimaitawa. Yaron ga ba shi zakkuwa sai Assabar, ni ko ban ga Assabar ba.” Ya faɗi zangon ƙarshe dalla-dalla, inda ake juyawa, da taku nawa, da abin da za a gani a hannun dama. Mai cewa ba ya maimaitawa sai da ya faɗa sau uku. Ta ce da ta tsayar da taɓarya don ta ji da kyau, sai ya ce kaji su ce a ci gaba da daka, kada maƙwabta su ji. Ta ci gaba, tana daka tana ƙirga bugun sandarsa har ya tsaya, ta ji ya tuɓe takalmi. Da aka zo kwashe kaya ranar rasuwa tana gani ba ta hana ba, don in ta hana sai an tambayi dalili.

Daga nan ta ajiye ƙwaryar tsaba, ta je ta tsaya a kan tukunya. Ban taɓa bin bayan mahaifiyata ina taka sawunta ba sai ranar. Ta yi gaba ina biye, tana ƙirgawa a hankali, ta juya inda ake juyawa, muka tsaya a wani lungu tsakanin akurki da bango, wurin da ba ka ce akwai komai ba. Ba ta dube ni ba ta ce, “Kai, hidda takalmi.”

Na cire. Na buga diddige sau ɗaya, na sake bugawa. Ƙasar Wurno ce, mai tauri kamar daɓe, ba ta ce komai ba. Na san haka za a yi, amma na tsaya ina saurare, har Inna ta ce in mai da takalmina, ba a nan za ta amsa ba.

Yau watanni ke nan, hanya tana yadda take. Mu biyu muka san rijiyar komowa, ɗan boko da ya yi ta cewa sai hutu da 'yar Sisawa da aka ce ba a nuna wa irinta, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa tsayawa a kanta. Wani lokaci ina tunanin ko an sare tsamiyar an yi gawayi, in rasa inda zan fara ƙirga, sai in ture tunanin don ba ni da abin yi da shi. Mai gidan hayar ya tambayi Baffa me ya sa muke ajiye turmi a rana, Baffa ya ce masa al'adar garinmu ce, kuma karo na farko a rayuwarsa bai ƙara komai a kai ba. Duk Asabar nakan zo in taka daga turmi har lungu, Inna tana daka ta ba ni baya, in na yi kuskuren taku sai ta gaya wa kaji.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yalwata masa makwancinsa fiye da akurkin da ya ƙare a ciki, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da dabbobin mutane. Mu kuma Ya buɗe mana hanyar gida tun tsamiyar tana tsaye, tun ƙafar Inna tana iya tafiya, don ita za ta wuce gaba.